Muhawara: "I didn't went" da 'yan uwanta, ina tushen kuskuren yake?

Yakubu, Sawaba:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ga jimloli huɗu da ke yawo a littattafan yaranmu na ƙaramar sakandare (JHS), har da wasu na babbar sakandare (SHS) a nan Kumasi: "I didn't went to school." "She have finish the work." "I am having two brothers." "I am here since morning." Yaran nan sun san kalmomin, ba ƙamus suka rasa ba. An kuma jera musu lokutan Turanci a allo, sun kwafa, sun haddace. To me ya sa da zarar an ce su rubuta wasiƙa sai komai ya watse? Ina roƙon waɗanda suka san nahawun harsunan biyu su warware mana dalla-dalla, yadda mai koyarwa zai ɗauka ya shiga aji da shi.

Malam Awudu, Asawase:
Wa alaikumus salam. Yakubu, jimlolin nan huɗu ba ciwo ɗaya ke damun su ba. Biyun farko matsalar siga ce, biyun ƙarshe matsalar ma'ana. Zan ɗauki na siga, don shi ne mai saurin magani.

A Hausa lokaci yana jikin wakilin suna: na tafi, zan tafi, nakan tafi, ban tafi ba. "Tafi" yana nan zaune, abin da ke gabansa ne ke sauyawa. A Turanci akasin haka ne. "I" ba ya motsi, aikatau da mataimakansa su ke ɗauke da kayan. Aikatau na Turanci yana da siga biyar: go, goes, went, gone, going. Yaro ba ya zaɓar siga da son ransa. Mataimakin da ya zo kafin aikatau shi ke zaɓa masa, kuma dokar guda biyar ce kawai.

Bayan do, does, did, sai siga ta farko tsurarta: "I didn't go." Bayan can, could, will, would, shall, should, may, might, must, ita ce dai: "She can go", babu s, babu to. Bayan have, has, had, sai sigar gone, eaten, finished: "She has finished." Bayan am, is, are, was, were, idan aikin yana gudana, sai mai -ing: "They are going." Bayan waɗannan ɗin dai, idan an yi wa abu aikin ne, sai sigar eaten ta dawo: "The food was eaten."

Yanzu dubi "I didn't went". Yaron ya sa alamar shuɗewa sau biyu, ɗaya a did, ɗaya a went. Turanci sau ɗaya yake sa ta, kuma a kan kalmar farko ta jerin. Da did ya karɓi shuɗewar, aikatau ya koma go. Haka "Does she goes?" take: s ɗin ya riga ya hau does, bai da hurumin sake hawa go.

Idan mataimaka sun taru kuma, jerinsu ba ya rikicewa: irin su should a gaba, sai have, sai be, sai aikatau. "The goods should have been sent on Monday." Bi ta ɗaya bayan ɗaya. Should ya tilasta have tsurarsa, shi ya sa "should has" ba ta yiwuwa ko da mutum ɗaya ake magana a kai. Have ya tilasta been. Been ya tilasta sent. Kowace kalma tana hukunta wadda ke bin ta. Yaron da ya riƙe wannan ya fi wanda ya haddace sunayen lokuta goma sha biyu.

Ustaz Bashiru, Aboabo:
Allah ya ƙara basira, Malam. Wannan ba baƙon abu ba ne ga yaran makarantunmu na Islamiyya. Duk wanda ya fara Nahawun Larabci ya san amili, wato kalmar da ke juya ƙarshen wadda ke bin ta: "lam" ta shigo, "yaktubu" ya koma "yaktub", ma'ana kuma ta koma shuɗaɗɗen lokaci alhali aikatau ɗin sigar mai ci ce. "Lam yaktub" da "he did not write" gini ɗaya ne. "Lan" ta shigo, ya koma "yaktuba".

Ko Hausar kanta tana da makamancin haka. Muna cewa na sayi doya, na saye ta, ga abin da na saya. Maƙwabciyar kalma ce ta juya ƙarshen aikatau, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya kuskure a nan. Saboda haka kada a nuna wa yaro kamar Turanci ya zo da abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta taɓa yi ba.

Malama Rabi, Tafo:
Malam Awudu, dokarka daidai take, amma ban yarda ita kaɗai za ta warkar da jimla ta biyu ba. A "She have finish" kuskure biyu ne, kuma na biyun daga kunne yake. Yaro ba zai rubuta abin da bai taɓa ji ba.

Ɗafa-ƙeyar -ed tana da furuci uku. Bayan sautin da ba ya kaɗa maƙogwaro, kamar k, p, s, sh, ana furta ta t: walked, stopped, passed, finished. Bayan mai kaɗawa da wasali ana furta ta d: called, opened, played. Sai bayan t da d kawai take zama gaɓa mai zaman kanta: wanted, needed. To Hausa ba ta tara baƙi biyu a ƙarshen kalma, Twi ma haka. Shi ya sa a bakinmu "finished" ke komawa "finish", "asked" ke komawa "ask", "closed" ke komawa "close". Ku duba littattafan yaranku da kyau: "wanted" da "started" da wuya su ɓace musu, domin ana jin su. Waɗanda ke ɓacewa su ne masu t da d a manne. Daga nan "the shop is close", "I am suppose to come", da "I use to live at Alabar" suke fitowa. Yaron ya san dokar, kunnensa ne ya ci amanarsa.

Maganin shi ne a sa kalmar a gaban wasali, inda sautin zai fito dole. "I walked in", "she passed it", "we called it off", "he asked us". A faɗa da ƙarfi, yara su maimaita, sannan a yi shifta. Sai kunne ya kama a gaban wasali tukuna a koma "I walked to school", inda t biyu ke haɗuwa har Bature kansa kusan sau ɗaya yake furta su. A irin wannan wurin ne kawai yaro zai dogara da doka tsantsa.

Haka s ɗin "she goes" da "he sells". A gaba ɗayan lokacin sabo, wuri ɗaya tak aikatau ke sauyawa, wato tare da he, she, it ko suna tilo. Abin da ke rikita yara shi ne s a jikin suna jam'i ne, a jikin aikatau tilo ne: "the boy sells", "the boys sell". Sannan sukan dubi sunan da ya fi kusa maimakon shugaban yankin. "The price of tomatoes have gone up" kuskure ne, don farashin ne ya hau, sai has. "One of my friends is a driver." "Everybody has paid." Amma "the police are coming" da "people are waiting", jam'i ne ko da babu s.

Malam Awudu, Asawase:
Malama, kunne da doka tare za su tafi, wannan babu musu. Bari in ƙarasa amfanin mataimaki na farko, don ayyuka huɗu ke wuyansa.

Korewa a bayansa take sauka: "She has not been paid." Tambaya shi ke tsallakowa gaban aikau, wato wanda ake magana a kansa: "Has she been paid?" Gajeriyar amsa shi ake maimaitawa: "Yes, she has." 'Yar tambayar ƙarshen jimla ma shi ne: "She has been paid, hasn't she?" Idan jimla ba ta da mataimaki ko ɗaya, kamar "He sells cloth at Kejetia", sai a aro do: "Does he sell cloth?", "He doesn't sell cloth", "He sells cloth, doesn't he?" Hausa tana da "ko?" da "ko ba haka ba?" masu shiga ko'ina, shi ya sa mutanenmu suka mai da "isn't it?" abin liƙa wa kowace jimla. A jarrabawa tarko ne sananne.

Wurare biyu ne ba a juyawa. Na ɗaya, idan wanda ya yi aikin ake tambaya: "Who called you?", babu did. Amma "Who did you call?" tana da shi, kuma ma'anarsu ta sha bamban, ta farko wa ya kira ka, ta biyu wa ka kira. Na biyu, idan tambayar ta shige cikin wata jimla: "Where is the station?" amma "Please tell me where the station is." "I don't know what does he want" kuskure ne, daidai shi ne "what he wants".

Zainabu, Asawase:
Malam, a tsaya a kan gajeriyar amsa, don a asibiti wannan ba maganar maki ba ce. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka sha maganin ba?", zai ce "E, ban sha ba." Yana gaskata maganar mai tambaya ne. Turanci kuwa amsa tana bin abin da ya faru, ba ta bin sigar tambaya. "Haven't you taken the medicine?" Idan ba a sha ba, "No, I haven't." Idan an sha, "Yes, I have." Marar lafiya ya ce "Yes" yana nufin bai sha ba, likitan da ya saba da ɗayan tsarin ya rubuta cewa ya sha. Haka abin yake a banki, a kotu, da wajen hirar biza.

Shawara ga iyayenmu da ƙannenmu: idan tambaya tana da "not" a ciki, kada a tsaya a yes ko no. A faɗi jimlar: "I have not taken it." Mu ma'aikatan lafiya kuma mu daina tambaya da korewa. "Have you taken it?" ta wadatar.

Malam Inusa, Nima:
Gaisuwa daga Akra. Sauran jimloli biyu na Yakubu su ne masu wuya, domin sigarsu lafiya lau take, zaɓin ne bai dace ba. Hausa ta fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana gudana. Turanci yana son wannan, sannan yana son a faɗa masa yaushe. Saboda haka siga ɗaya ta Hausa takan rabu gida biyu ko uku.

Ɗauki "na". "Na ga Musa jiya" ita ce "I saw Musa yesterday." "Na ga Musa", ba tare da lokaci ba, ana nufin ganin ya samu kuma yana da amfani yanzu, ita ce "I have seen Musa." Ƙa'idar mai tsauri ce: da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya rufe, yesterday, last week, in 2020, two days ago, have ta fita. "I have paid yesterday" ba ta zama. Sannan akwai "na" na uku wanda ba shuɗewa ba ne sam: na sani, na gane, na yarda, na gaji, na ƙoshi. Turancinsu "I know", "I understand", "I agree", "I am tired", "I am full". Yaron da aka koya wa cewa "na" kullum shuɗewa ce zai rubuta "I knew" alhali yanzu yake nufi.

Ɗauki "ina". "Ina cin abinci" ita ce "I am eating." "Ina cin abinci ya shigo" kuwa "I was eating when he came in", domin "ina" ba ta damu da jiya ko yau ba, am da was sun damu. "Ina sayar da atamfa a Makola", idan sana'a ake nufi, "I sell cloth at Makola". Sai "ina da", "ina so", "ina jin Twi". Hausa ta sa su a sigar gudana, Turanci bai yarda aikatau na mallaka da sani da so su ɗauki -ing a ma'anarsu ta asali ba: have, own, know, want, need, understand, believe, belong. Ga tushen "I am having two brothers". Daidai shi ne "I have two brothers". "I am having lunch" ta halatta saboda have a nan ci ne, ba mallaka ba.

Jimla ta huɗu: duk abin da ya fara a baya yake kuma ci har yanzu, Hausa na cewa "ina nan tun safe", Turanci sai da have been. "I have been here since morning." "Shekara uku ke nan ina aiki a nan" ita ce "I have been working here for three years." Since tana bin wurin farawa, Monday, 2021, six o'clock. For tana bin tsawon lokaci, three years, two hours. "Since three years" gauraya ce.

Na ƙarshe, "nakan". Turanci ba shi da wata siga ta musamman a nan, sai "I go", ko a ƙara usually. "I used to go" tana nufin a da nakan je, yanzu na daina. Wanda ya ce wa mai ɗaukar aiki "I used to pray at that mosque" yana nufin har yanzu, ya faɗi akasin nufinsa. "Na saba da tashi da asuba" kuma gini ne na daban: "I am used to waking up early", da am a gaba da -ing a baya.

Alhaji Tanko, Alabar:
Malamai, ina jin ku, amma ina da ja. Wa ya ce "I am having" kuskure ne? Ku shiga kasuwar Kejetia ko unguwar makanikai ta Suame Magazine, ku saurari rediyo, har masu digiri haka suke faɗa, kuma kowa ya gane. Mutum ya ce "I'm coming" yana fita, duk ɗan Gana ya san zai dawo ne, kamar yadda muke cewa ina zuwa. Ba'amurke yana cewa "Did you eat yet?" inda ɗan Ingila zai ce "Have you eaten yet?", ba wanda ya ce Ba'amurke bai iya ba. Don me namu ne kaɗai ake ja wa jan biro? Tsorona shi ne yawan gyara yana kashe bakin yaro. Yaron da ake katsewa kowace jimla zai daina magana, kuma ciniki da baki ake yin sa.

Malama Rabi, Tafo:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka gaskiya ce. Turancin Gana yana da tsarinsa, kuma katse yaro yana cikin magana ɓarna ce. "I'm coming" a kasuwa babu laifi. Amma takardar da za ta buɗe wa yaro ƙofa ba a kasuwa ake duba ta ba.

WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedkwatarta ke Akra, tana auna Turancin rubutu ne na gama-gari. A WASSCE, jarrabawarta ta kammala sakandare, insha'i kalma 450 ake nema, makinsa 50: abin da aka faɗa 10, tsari 10, iya bayani 20, tsabtar nahawu da rubutu 10. A wannan goman na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki ne. Kuskure ashirin, goman ta tafi. Yaron da ke zubar da -ed da s zai tara ashirin kafin ya kai tsakiyar shafi na biyu, kuma makin iya bayani ma yana raguwa tare. Jami'a kuwa tana neman aƙalla C6 a Turanci. Yaro mai kaifin lissafi yakan zauna gida saboda D7 a wannan darasi ɗaya.

Don haka ba cewa za a yi wa yaro maganar gidanku banza ce ba. Ce masa za a yi kana da riga biyu, ta zaman gida da ta Idi, ka san ranar kowacce. Gyara kuma a takarda, ko bayan ya gama magana.

Hajiya Salamatu, Madina:
Bari in kawo ɓangaren ofis, domin wasiƙun neman aiki da na neman izini suna da nasu kurakuran da ba na lokaci ba. Kowane aikatau yana da abin da yake yarda ya biyo shi, kuma wannan sai an koye shi tare da kalmar.

Want, decide, agree, refuse, hope, promise suna son to: "I hope to hear from you." Enjoy, finish, avoid, mind, consider suna son -ing: "I have finished typing it." Make da let ba sa son to: "He made me wait." Enable da allow kuwa sai da shi. "To enable me pay my fees" ta cika wasiƙunmu, daidai shi ne "to enable me to pay". Ƙarshen wasiƙa kuma "I look forward to hearing from you", don to ɗin nan irin na "to Accra" ne, suna ko -ing ke bin sa.

Sai "mini" da "masa". Hausa da kalma ɗaya take biyan bukata: ba ni, aiko mini, saya mini, bayyana mini. Turanci ya raba. Give, send, show, tell, lend suna karɓar mutum kai tsaye: "Send me the receipt" ko "Send the receipt to me." Buy da cook da for suke tafiya: "Buy it for me." Explain, suggest, describe, say ba sa karɓar mutum sai da to: "Explain it to me", ba "explain me" ba. Mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa borrow: "Lend me fifty cedis", "I borrowed fifty cedis from her." Discuss, request, emphasise a matsayin aikatau ba sa bukatar rakiya: "We discussed the rent", babu about.

Akwai sunayen da ba sa jam'i: information, advice, furniture, equipment, luggage. Ba s, ba a ko an. Idan ana son ƙirga sai "a piece of advice". Da "Although I applied early, but..." wadda ta fito daga "ko da yake... amma". Turanci ɗaya yake ɗauka, ko although ko but.

Yakubu, Sawaba:
Hajiya, na gode. Malam Inusa, saura if. Yara suna rubuta "If he will come, I will pay him", wasu kuma "If he came, I will pay him". Wanne ne ya fi kusa?

Malam Inusa, Nima:
Babu ko ɗaya, ƙanena. Na biyun daga Hausa yake: "in ya zo" sigar kammala ce, sai yaro ya kai ta came. Na farkon daga tunanin cewa gobe ake nufi. Turanci bayan if, when, before, after, until, as soon as, yana sa lokaci mai ci ko da gobe ake magana, will kuma ta tsaya a ɗaya ɓangaren: "If he comes, I will pay him." "When the bus arrives, call me."

"Da... da" ita ce mai rabuwa biyu. "Da ina da kuɗi da na saya", yanzu ake nufi kuma babu kuɗin: "If I had money, I would buy it." Had a nan ba jiya take nufi ba, alama ce cewa abin ba haka yake ba. "Da ya zo jiya da na biya shi", dama ta wuce: "If he had come yesterday, I would have paid him." Ka ga dokar Malam Awudu tana aiki a ciki: had ta jawo come, would ta jawo have, have ta jawo paid.

Tun da muna kan abin da Hausa ke shigowa da shi, ga wasu biyu. "Yaron da na ba shi kuɗi" Hausa ce tsaf, amma "the boy that I gave him money" ba ta zama, him ɗin ya fita: "the boy I gave money to". Sai "an". "An sace wayata" ita ce "My phone has been stolen." Amma aikatau da ba ya karɓar karɓau, wato abin da aikin ke faɗa wa, ba ya shiga wannan gini: die, happen, arrive, occur. "He was died" da "it was happened" ba su da gyara sai a cire was.

Ustaz Bashiru, Aboabo:
Duk bayanin nan ya nuna abu ɗaya da nake so shugabannin makarantu su ji. Kusan kowane kuskure an gano shi ne ta hanyar ajiye jimlar Hausa kusa da ta Turanci. Cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar a makarantun Gana, Hausa ba ta ciki. Yaron zango yana jin Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a makaranta, Turanci a aji, kuma a wasu makarantu har yau ana hukunta shi idan ya yi harshen gida. Minti biyar na kwatanci da Hausa ya fi mako guda na "kada ka ce haka" ba tare da dalili ba.

Alhaji Tanko, Alabar:
Ustaz, a nan muna tare. Amma wace Hausa? Misalan Malam Inusa Hausar littafi ce. Da yawa daga cikin yaranmu ba sa raba namiji da mace a magana yadda ake yi a Kano.

Malam Awudu, Asawase:
Tambaya mai kyau, Alhaji, kuma ita ce ke bayyana rikicin he da she. Hausar zango a bakin mutane da yawa ta sassauta jinsi, Twi kuma "ɔno" take cewa ga mace da namiji, harshen Ga ma wakilin suna ɗaya gare shi. Yaro ya tashi cikin harsuna uku da ba su matsa masa a kan wannan ba, sai ya rubuta "My mother said he is coming". Malami ya yi kwatanci da Hausar da yaran ke yi da gaske. Na, ina, zan, in, da, duk suna nan a bakinsu, su ne muke bukata. He da she kuwa atisaye ne: a ba da labarin mace ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, she, her, hers, kashegari na namiji, sai rana ta uku a haɗa su a labari ɗaya.

Malama Rabi, Tafo:
Yakubu, ga yadda za ka shiga aji da shi. Minti goma sha biyar a farkon darasi. Jimla ɗaya a allo daga rayuwar yaran, misali "Amina sells koko." Su kore ta, su mai da ita tambaya, su ba da gajeriyar amsa, su liƙa 'yar tambayar ƙarshe. Sannan kai ka riƙa jefa kalmar lokaci suna juya jimlar da baki: yesterday, now, since January, tomorrow, when I saw her. Sai a canza Amina zuwa "Amina and Fati" a sake zagayawa. Baki tukuna, rubutu a minti biyar na ƙarshe.

Aikatau masu bauɗewa wajen 200 ne, amma kada ka ba su jerin gaba ɗaya. Biyar a mako, a tara masu kama da juna: buy, bring, think, teach, catch a mako ɗaya, sai sing, ring, drink, begin, swim, sai waɗanda ba sa sauyawa, put, cut, cost, hit, shut. Kowanne a cikin jimla da yesterday da kuma have.

Wajen duba littafi, kuskure iri ɗaya a mako. Ka ja layi a ƙarƙashinsa, kada ka rubuta gyaran, yaron ya nemo mataimakin da kansa ya ga abin da ya kamata ya biyo. Shafin da ya cika da ja, yaro maki kawai yake dubawa ya rufe.

Zainabu, Asawase:
Malama, a jerin masu kama da juna a ware lie da lay, don a ɗakin jinya kullum ana jin su a gauraye.

Malama Rabi, Tafo:
Haka ne, kuma kada a koyar da su rana ɗaya. Kwanciya: lie, lay, lain, ba ta da karɓau, "Lie down", "He lay on the bed yesterday." Kwantarwa ko shimfiɗawa: lay, laid, laid, dole da karɓau, "Lay the baby on the mat", "She laid the baby down." Ƙarya kuma lie, lied, lied. A fara da ta kwantarwa, tun da ita ce mai bin tsari, a bar ta ta zauna mako biyu kafin a kawo ta kwanciya.